Guzurin ɗan lakwal: ciki da abincinsa, zuciya da nata

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da iyaye da yawa suka riƙe. Idan uwa ko uba suka haɗa wa yaro abincin rana a ɗan akwatin da yake tafiya da shi makaranta, sai su cusa guntuwar takarda a ciki, mai layi ɗaya ko biyu: fatan sa'a ranar jarrabawa, ko ban haƙuri a kan faɗan jiya, ko tuni cewa ana ƙaunarsa. Gwamnatin ƙasar tana ciyar da miliyoyin yara a makarantu tun daga dokar da Shugaba Truman ya sa wa hannu a shekarar 1946, amma wannan takarda ba ta cikin dokar. Daga gida take fitowa.

Wani uba mai suna Garth Callaghan, mazaunin jihar Bajiniya, ya sa duniya ta san al'adar. Tun ɗiyarsa tana ƙarama yake rubuta mata kalmomi a takardar goge baki, yana sakawa cikin abincinta. A shekarar 2011 likitoci suka gano yana da ciwon daji a ƙoda. Da ciwon ya yi ta dawowa, sai ya ƙidaya kwanakin makaranta da suka rage wa yarinyar kafin ta gama sakandare, ya ɗauki alkawarin rubuta takardu 826 ya ajiye, domin ko ta Allah ta kasance, kada ta buɗe abincinta rana ɗaya ba ta tarar da maganar mahaifinta ba.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram yana iya yin murmushi ya ce wannan aikin ƙoshi ne. Maganarsa tana da kan gado. Ma'aikacin da ya ga shekarun 1990, lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba, ga kuma karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, ya san ranar da tunanin tukunya ya kore kowane tunani. Har yau akwai yaran karkara da ke taka sayyada zuwa lakwal ba su karya kumallo ba, su zauna gaban mushe ido buɗe, hankali yana gida. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. A birnin Yamai aka yi bikin farko na ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka, ranar 1 ga watan Maris 2016, kuma an sha jawabai masu daɗi. Jawabi kuwa takarda ce da ba tuwo a tare da ita. Cika kantin na makarantun karkara da na makiyaya bashi ne a wuyan hukuma, ko wace ce ke bisa mulki.

To amma akwai bashi na biyu, wanda ba minista ake bi ba. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, waɗanda ƴaƴansu ba su kwana da yunwa, me suke haɗa wa yaro da safe? Dala 10 ko 20 ta ƙosai da awara a hutun hantsi, sai «yi sauri kada ka makara». Daga nan uba ya nufi kanti ko biro, kuma zancen lakwal ba ya sake haɗa su sai ranar da takardar sakamako ta zo. In ta yi kyau, a yi shiru. In ta ɓaci, bulala ta yi bayani. Yaro ya tashi da sanin cewa ƙoƙarinsa ba ya kai wa kunnen mahaifi, kuskurensa kaɗai ke isa.

Ba rashin ƙauna ne ya jawo haka ba, alkunya ce. Bahaushe ba ya yabon ɗansa a gaban idonsa, ɗan fari ma ko sunansa ba a kira. Sai dai wannan al'ada ta girma ne a babban gida, inda kaka ke wasa da jika, gwaggo ta yi masa kirari, kawu ya sa masa albarka. Yabon da uba ya haɗiye, wasu ne ke furta shi a madadinsa. Yau ma'aikacin da aka tura Tawa ko Diffa yana zaune a gidan haya, daga shi sai matarsa da yara. Kaka tana ƙauye. Alkunyar ta biyo shi birni, masu cike giɓinta sun tsaya a can.

Lamarin ya fi tsanani ga ɗiya mace. A watan Disamban 2017 hukuma ta fitar da doka domin kare karatun yarinya har ta kai shekara 16. Dokar ta yi daidai, amma ba ita ke tayar da yarinya da asuba ba, ba ita ke amsa wa maƙwabta masu cewa ta isa aure ba. Yarinyar da ta taɓa ji daga mahaifinta cewa yana alfahari da karatunta ta sami abin dogara a ranar da surutu ya yi yawa. Wadda ba ta taɓa ji ba, tana iya ɗaukar shirunsa a matsayin izinin bari.

Za a ce fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko, to wa zai rubuta? Ɗan kasuwar da ke rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami ya iya rubutu, kuma yaron da ya riƙe allo zai gane hannunsa. Ba dole sai da Faransanci ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Uwar da ba ta rubutu kuwa tana da baki, kuma kalma ɗaya a bakin ƙofa, lokacin da take ɗaura wa yaro kuɗin ƙosai, ta wadatar. Fa'idar takarda dai guda biyu ce: tana isa wurin da iyaye ba su zuwa, a sa'ar da yaro yake shi kaɗai cikin tsara, kuma tana raba uba da nauyin haɗa ido. Abin da kunya ta hana baki, alƙalami yana iya faɗa.

Sharaɗi ɗaya ne: kada takardar ta koma wata bulalar. «Ka zo na ɗaya ko ka gamu da ni» barazana ce, ko da an naɗe ta cikin burodi. Kada kuma a cika ta da yabon ƙarya, domin yara sun fi manya saurin gane zaƙin baki. Abin da ke kama zuciyar yaro shi ne shaidar cewa an lura da shi: an ga ya zauna da kayensa jiya da dare, an san lissafi yana ba shi wuya, an san bai fasa ba.

Hukuma ta biya bashin tuwo, kuma a ci gaba da tuna mata har ta biya. Bashin magana kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya jiran taimakon ƙasashen waje. Kuɗinsa guntuwar takarda ce da minti 2 kafin a fita kasuwa. Mutumin Bajiniya sai da ciwo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ƙidaya kwanakin da suka rage. Uban da ke da lafiyarsa ba shi da dalilin jiran irin wannan tuni.