Cire Salansar Tsohuwar Tarakta Ba Ya Ƙara Mata Ƙarfi

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: an cire wa tarakta salansa, an kafa mata zungureren bututu mai ƙyalli, direba ya ba ta wuta, hayaƙi ya turnuƙe, ƙara kamar saukar aradu. Yawancinsu daga gasar jan kaya ta Amurka suke fitowa, inda tarakta ke gudu a filin da bai wuce mita 100 ba sannan a kashe ta. Matsalar ita ce yadda wasu matasa masu tuƙa taraktar haya ko ta gida suke ɗaukar wannan a matsayin gyara, har su kai tasu wajen mai walda a yi mata haka.

Taraktocin da ke haɗa a Kadawa da sauran gonakin Arewa ba na wasa ba ne. Akwai Massey Ferguson 375 mai injin Perkins na silinda huɗu da ƙarfin doki wajen 75, akwai ragowar Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Injina ne marasa saurin juyi, kuma wuni suke yi suna aiki. A irin wannan inji, abin da za a samu na ƙarin ƙarfi idan aka cire lafiyayyar salansa bai taka kara ya karya ba. Kunne ne ke yaudarar direba, ya ji ƙara ta ƙaru ya ɗauka ƙarfi ne. Inda ake ganin bambanci na gaske shi ne idan cikin salansar ya ruɓe ya toshe hanyar hayaƙi, kuma maganin wannan sabuwar salansa ce.

Wanda ke biyan kuɗin wannan ado shi ne direba, da kunnensa. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyakar ƙara a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Wato a 94 awa ɗaya ce, a 100 kuwa minti 15. Tsohuwar tarakta mara rufi tana iya haura 85 ko da salansarta, balle an cire. Mai wayar hannu zai iya gwadawa da kansa: hukumar tana da manhajar auna ƙara kyauta ta iPhone, Android ma akwai makamantanta, duk da cewa makirfon wayoyin ya bambanta, don haka sakamakon kintace ne kawai. A riƙe wayar daidai kunnen direba lokacin da garma ke cikin ƙasa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

To wace iri ya kamata a saya? Mai tsayuwa sama, mai faɗin baki daidai da na asali, wadda ƙarshenta ya wuce kan direba. Wannan tsayin ba don kyau ba ne. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansa ga ɗan Adam, kuma gajeren bututu fuskar direba yake hura wa. Salansar da ke bi ta ƙarƙashi tana da amfani a gonar mangwaro ko gwaiba, inda reshe zai iya karya mai tsaye. Amma a gonar dawa ko shinkafa bayan girbi, zafinta da tartsatsinta suna dab da busasshen kara, ga ƙurar da take tayarwa.

Sai dai mai tsayuwa sama tana da abokin gaba, wato ruwan sama. Idan aka bar tarakta a waje da damina bakin bututu a buɗe, ruwa yana gangarawa ya bi ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa. In ya taru aka yi kiyi, sandar fistin na iya lanƙwashewa. In kuma tarakta ta daɗe a ajiye, tsatsa ta kama ringi. Ɗan murfin nan mai buɗewa da kansa idan hayaƙi ya bugo shi, ko lanƙwasa a ƙarshen bututu, ya isa ya hana wannan asara. Gwangwanin tumatir da tsofaffin direbobi ke kifawa ma yana aiki, muddin ba a manta ba.

Gaskiya ne kayan asali sun yi tsada, kuma mai walda da ya san aikinsa zai iya ƙera jikin salansa da faranti mai kauri ta daɗe tana aiki. Babu laifi a nan. Laifin yana wajen nauyi da tsawo. Bututun ruwa mai kauri da aka ɗora ba tare da ƙarfen tokara ba, duk girgizar inji a kan manifol take ƙarewa, har ya tsage. Shi kuwa manifol zubin ƙarfe ne, ba ya karɓar walda irin ta ƙofa da taga. Sai an ciro shi, a huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gasa shi, a yi amfani da sandar walda ta nikel, sannan a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali. Wanda aka ɗana wa wuta yana jikin inji, galibi gefen waldar yake sake tsagewa.

Wajen kwancewa ma akwai haƙuri. Notin manifol da ya shekara ashirin yana shan zafi ba ya son gaggawa. A jiƙa shi da man sassauta tsatsa tun daren jiya, a ɗan gasa shi in ya ƙi. Idan ƙusar ta karye a cikin kan inji, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu. Baƙin tabo a gefen mahaɗa alama ce ta yoyo, kuma tsohon gasket ba a mayar da shi.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa salansa alhali ba nata ba ne. Baƙin hayaƙi yawanci daga toshewar matatar iska ko lalacewar nozul yake, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Sabuwar salansa ba za ta taɓa ko ɗaya ba. Kafin a tafi kasuwa ko a yi oda ta WhatsApp, a ɗauki hoton lambar da ke jikin inji da na bakin manifol, a auna faɗinsa, domin taraktoci biyu masu lamba ɗaya a bonet suna iya ɗauke da inji daban, musamman waɗanda aka taɓa yi wa canji.