Jirin da ba na rana ba

Kowa ya san shanyewar ɓarin jiki in baki ya karkace, hannu da ƙafa suka mutu. Amma akwai wata iri wadda ba ta zuwa da waɗannan alamu, kuma jahiltarta na kashe mutane a kasuwanninmu da ofisoshinmu.

A ƙeya, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama wadda aikinta daidaita tsayuwa, tafiya da motsin hannu. In jijiyar da ke ba ta jini ta toshe, ko ta fashe, sai jiri mai tsanani ya kama mutum farat ɗaya, da amai, da ciwon ƙeya. Yana tangaɗi kamar mashayi, harshe ya yi nauyi, ido na rawa ko ya ga abu biyu-biyu, ya miƙa hannu ga kofi ya kuskure. Sai ƴan uwa su ce zafin rana ne, ko masassara, ko iska. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo rubutu, a jira gobe.

Jiran nan shi ne halaka. Maganin narkar da gudan jini ba ya amfani sai cikin awa 4 da rabi na farko, kuma ba a ba da shi sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewa ba ce. Bayan haka, wurin kan kumbura cikin kwana 2 zuwa 4, ya danne tushen ƙwaƙwalwa mai riƙe da numfashi. Wanda ya yi hira jiya sai ya suma yau. Aikin tiyata kan cece shi, in an kai shi da wuri.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Hawan jini ke gaba, sannan ciwon sukari, taba, kitse mai toshe jijiyoyi, da bugun zuciya marar tsari mai jefa gudan jini zuwa kai. Ga matasa, tsagewar jijiyar wuya bayan haɗari na iya jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini. Kowa ya dubi gishiri da dunƙulen da ke shiga tukunyar gidansa.

To, ina laifin hukuma? A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Nijar ba ta cika shi ba. Babban mutum in kansa ya sara, jirgi ne zuwa Tunis ko Paris. Ɗan kasuwar Dakwaro ko malamin makarantar Tanut, hanya ce mai nisa da kuɗin mai daga aljihunsa.

Ba mu roƙi abin da ya fi ƙarfin ƙasa ba. A sa abin awon jini mai aiki a kowace ƙaramar likita. A sauƙaƙa kuɗin maganin hawan jini. A koya wa malaman asibiti cewa mai jirin da ya kasa tsayuwa ba a sallamarsa da maganin masassara. A tanadi motar ɗaukar majinyata da mai a cikinta.

Mu kuma, ƴan kasuwa da ma'aikata, mu auna jininmu, kuma wanda aka ɗora kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. In maƙwabcinka ya soma tangaɗi alhali ka san ba ya sha, kada ka yi dariya. Nemi mota.