Gwajin maganin ciwon dajin huhu: wa ake ɗauka, wa ake mayarwa gida?

Idan likita ya shaida wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci cewa ciwon daji ya kama masa huhu, ba a daɗewa wani ɗan'uwa da ke zaune a Faransa ko Abijan yake bugo waya da albishir: akwai sabon magani da ake gwadawa, kuma kyauta ne. Maganar tana da tushe, sai dai wanda ya faɗe ta bai karanta sharuɗɗan ba.

Jahar Tawa ba baƙuwa ba ce ga gwajin magani. Daga 2020 zuwa 2023 an gudanar da binciken AVENIR a ƙauyukan Dosso da na Tawa, inda aka riƙa ba yara ƴan wata 1 zuwa 59 maganin azithromycine sau biyu a shekara. Sakamakon da aka bayyana a 2024 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kashi 14 cikin 100. Kafin nan, a Madarunfa ta jahar Maraɗi, an gwada allurar ɗigon baki ta gudawar yara, Rotasiil, a kan jarirai fiye da 3,500. A waɗannan bincike, magani ne ya je ƙauye, kuma shekarun yaro da mazauninsa su ne babban abin dubawa. Ciwon daji kuwa, maras lafiya ne ke bin magani, galibi har Turai, Amurka ko Sin, inda ake yin akasarin irin wannan gwaji.

Sharaɗi na farko shi ne takardar shaida. Hoton ƙirji bai isa ba. Sai an ɗebo ɗan tsoka daga cikin huhu an duba shi, an faɗi irin ciwon da matakin da ya kai. Sabbin magunguna da dama ba su aiki sai a jikin wanda ƙwayoyin ciwonsa ke ɗauke da wata alama, kamar EGFR ko ALK ko PD-L1, don haka ita ma sai an auna ta. Ana kuma son ƙullutun ya fito a hoton sikanar yadda za a iya auna shi, aƙalla milimita 10, domin a gane daga baya ko ya motse ko ya ƙaru.

A nan ne mutumin Adar yake fara makara. Wanda ya yi wata biyu yana tari, yana ramewa, yana tofar da jini, a Keita ne ko a Abalak, abin da kowa zai fara zato shi ne tarin huka, kuma zaton ba wauta ba ne, tunda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Maganinsa wata 6 ne. Idan wata na biyu ya wuce babu sauƙi, ko kuma awon majina bai nuna ƙwayar cutar ba tun farko, hakkin iyali ne su tambayi likita ko akwai wani abin dubawa, musamman ga wanda ya daɗe yana shan taba, ko ya yi shekaru a ramukan uraniyom na Arlit, inda iskar radon take. Yawanci ba a tambaya. Ana jin nauyin likita, ana ƙarasa wata shidan, sannan a kama hanyar Yamai, fiye da kilomita 500, zuwa Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji, wadda ta fara gashin haske a 2021.

Waɗannan watanni su ne ke cinye sharaɗi na biyu, wato ƙarfin jiki. Likitoci suna da ma'auni: 0 shi ne mai aikinsa kamar kullum, 1 shi ne mai iya zama a shago ko ofis amma ba ya ɗaukar buhu, 2 ya bar aiki amma yana kula da kansa, 3 ya fi rabin yini a kwance. Mafi yawan gwaje-gwaje 0 da 1 kaɗai suke karɓa. Ke nan wanda aka tallabo zuwa mota, wanda ya fi kowa buƙata a idon iyalinsa, shi ake fara sallama. Abin da ciwo, amma da dalili: maganin da ba a gama sanin ƙarfinsa ba yana iya ƙarasa jikin da ya riga ya raunana.

Sai jini, da hanta, da ƙoda. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashen Sahel kuma mutane da dama ke ɗauke da shi ba su sani ba, yana rufe ƙofar gwaje-gwaje da yawa idan ba a shawo kansa ba. Haka tarin huka da bai warke ba. Wani gwajin ma ba ya son wanda ya riga ya sha wani maganin daji.

Kalmar "kyauta" ma tana son bayani. Kamfani yakan biya magani da awon da binciken ke buƙata. Biza, jirgi, haya da abincin mai jinya na watanni, sau da yawa aljihun iyali ne. Kuma a manyan gwaje-gwaje ƙuri'a ce ke raba marasa lafiya: wasu su samu sabon maganin, wasu wanda aka saba.

Saura sa hannu. A Kano, a annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200; 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi masu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ƙa'idar da aka kafa tun a Helsinki a 1964 ta tanadi a nemi yardar mutum bayan an fahimtar da shi. Maras lafiya na da ikon a karanta masa takardar cikin Hausa ko Tamashek, ya tafi da ita gida ya yi shawara, ya tambayi wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken, ya kuma janye ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi kulawar da ake ba kowa ba.