Kashi 90 Cikin 100 Ba Ya Kunna Fitila

Duk wanda ya taɓa sauke manhaja a wayarsa ya san layin nan da ke rarrafe yana nuna kashi nawa aka sauke. Rubuta manhaja ita ce sana'ata, na kuma sha zana irin wannan layi da hannuna, don haka bari in tona asirinmu: sau da yawa aikinsa kawai ya kwantar da hankalin mai jira, shi kansa bai san abin da ya rage ba. Rahoton ci gaban gini da ake aika wa masu zuba jari a manyan tashoshin lantarki na kwal ɗan'uwan wannan layi ne, sai dai shi idan ya yi ƙarya, ƙasa guda ce ke biya.

Mu dubi Medupi, tashar da kamfanin Eskom ya gina kusa da garin Lephalale a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu. An fara aikin a 2007: injuna 6, ƙarfinsu gaba ɗaya kusan megawat 4,800, a kan kuɗi kusan rand biliyan 80. A 2010 Bankin Duniya ya amince wa Eskom da rancen dala biliyan 3.75, mafi yawansa don wannan tasha. Wanda ya sa kuɗinsa yana zaune a ofis ana kawo masa hotuna: ga bututun hayaƙi ya tashi sama, ga dubban ma'aikata da hular kwano, ga adadin kammalawa yana hawa wata bayan wata. Kowane hoto gaskiya ne. Amma injin farko bai ba da wuta ba sai 2015, shekaru bayan lokacin da aka ɗibar masa, na ƙarshe kuwa bai fara cikakken aiki ba sai 2021, lokacin da kuɗin aikin ya haura rand biliyan 120.

Me ya tsayar da aikin? Cikin dalilan akwai yajin aikin ma'aikata, da waldar tukwanen tururi da aka gano ba ta yi kyau ba sai da aka sake, da manhajar da ke tsare tukwanen, wadda ta yi ta faɗuwa a gwaji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoto. Ana lissafa kashin kammalawa ne galibi daga siminti da aka zuba, da ƙarfen da aka ɗora, da kuɗin da aka kashe. Ta wannan ma'auni, wanda ya fi ɓarnar kuɗi shi ya fi kowa saurin aiki. Kwanaki kaɗan bayan an sanar cewa an kammala Medupi, a watan Agustan 2021, janaretan inji na 4 ya yi bindiga, kuma bai dawo aiki ba sai 2025. A takarda dai tasha ta cika kashi 100.

Za a ce ai mai zuba jari shi ya fi kowa asara idan aiki ya yi jinkiri, saboda haka idonsa ya fi na kowa kaifi. A nan nake jayayya. Rancen Bankin Duniya gwamnatin Afirka ta Kudu ce ta tsaya masa, ruwan bashi kuma ba ya jiran a kunna inji. Ɗan kwangila ana biyansa mataki-mataki. Kamfanin Hitachi, wanda reshensa ya samu kwangilar tukwanen, ya biya dala miliyan 19 a 2015 don sasanta tuhumar da hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta yi masa kan kuɗin da aka biya Chancellor House, kamfanin jarin jam'iyyar ANC mai mulki. A 2023 gwamnati ta ɗauke wa Eskom bashin rand biliyan 254, a shekarar da aka yi sama da kwana 300 ana ɗauke wuta. Mai walda a Soweto ya biya sau uku: da harajinsa, da kuɗin mita da ke ta hawa, da ranakun da ya rufe shago. Shi ne mai zuba jarin gaskiya, kuma shi kaɗai ne ba a aika wa rahoto.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, domin mu ma muna da namu a gida. A Salkadamna ta jihar Tawa, Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza tubalin ma'adinin kwal da tashar lantarki a 2014, aka yi maganar megawat 600. Shekara goma ta wuce ba a haska ko ɗaki ɗaya da wutar Salkadamna ba. Ba na cikin masu cewa Nijar ta bar kwal ɗinta a ƙasa don wani a Turai ya ji daɗi. Wanda ya sha zafin Yamai bayan Najeriya ta katse wuta a 2023, alhali daga can ake samun kusan kashi 70 na lantarkin ƙasar, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan dogaro da kai. Tashar SONICHAR ta Anu Araren, wadda ba ta kai megawat 40 ba, tana aiki tun 1981, shaida ce cewa abin mai yiwuwa ne.

Amma kasuwar bashi ta sauya. Bankin Duniya ya taƙaita tallafa wa kwal tun 2013, Sin kuma ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Masu kuɗin da suka rage sun san ba su da abokan takara, za su nemi ruwa mai yawa, da lamunin gwamnati, da alkawarin a biya kuɗin wuta ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan jikokinmu za a miƙa wa aska.

Don haka idan gobe aka nuna mana minista da hular kwano yana cewa aiki ya kai kashi kaza, kada mu tafa. Mu tambaye shi: wa ya tsaya wa bashin? Nawa za a sayar mana da kilowat guda? Idan aka yi jinkirin shekara biyar, daga aljihun wa za a cike? A buga yarjejeniyar kowa ya karanta, a kuma riƙa faɗa mana megawat nawa suka shiga waya. A sana'armu ba ma cewa manhaja ta gama sai ta yi aiki a hannun wanda ya saya. Hausawa sun riga mu faɗa: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.