Ƙididdigar hayaƙi: Tallafin waje da aikin da ke gaban Kaduna ta Arewa

Da zarar an ɗauke wuta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sai ƙarar janaretoci ta cika layuka. A Tashar Kawo motoci na tsaye da inji a kunne suna jiran fasinja, a unguwanni kuma ana cinna wa bola wuta idan motar kwasar shara ta yi jinkiri. Duk wannan hayaƙi na cikin abin da Najeriya ta yi wa duniya alƙawarin ragewa, kuma ba za a san ko ya ragu ba sai an ƙidaya shi.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a shekarar 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce nan da 2060 Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa mai ɗumama duniya da wadda take iya shanyewa. A watan Nuwamban shekarar ya sanya hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kuma ta ɗora wa ƙasashe miƙa rahoto duk bayan shekara biyu. Ana haɗa rahoton a Abuja, amma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kwasar shara, kasuwanni, tashoshin mota da mahauta cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan wani babban kaso na hayaƙin birni yana tasowa ne daga wuraren da sakatariya ke karɓar haraji.

A nan ne tallafin waje ya shigo. Tun 2014 ƙungiyoyin C40 da ICLEI da cibiyar WRI suka fitar da ma'auni guda na ƙididdigar hayaƙin birane, Tarayyar Turai kuma ta ɗauki nauyin wani ƙawancen magadan gari na Afirka ta kudu da Sahara da ke horar da ma'aikata kan aikin. Legas ta ci gajiyar irin wannan taimako: da goyon bayan C40 ta gano cewa a 2015 ta fitar da sama da tan miliyan 26, mafi yawa daga makamashi, sai shara da sufuri. A kan waɗannan alƙaluma ta gina shirinta na 2020 zuwa 2025.

Lissafin ba shi da sarƙaƙiyar da ake zato. Litar fetur ɗaya na fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan kilo 2.7. Shagon da janaretansa ke shan lita biyar a rana zai fitar da kimanin tan uku da rabi a kwanaki 300 na kasuwanci. Ruɓaɓɓiyar shara kuwa na fitar da iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ta ninka kabon kusan sau 28 wajen riƙe zafi. Wahalar tana wajen samun adadin janaretoci, nauyin shara da buhunan gawayin da ke shiga Kawo, Malali, Badarawa da Unguwar Rimi kowane mako.

Mai shago zai iya tambayar me ruwansa, tunda duk Afirka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Tambayar tana kan hanya. Sai dai masu ba da kuɗin sola a kasuwanni ko na sarrafa shara kan fara da neman alƙaluma, kuma wanda ya zo da su a rubuce shi ake saurara. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja a ƙarshen 2021. A rabon irin wannan kuɗi, hujja ta fi ƙorafi tasiri. Haka kuma ƙaramar hukumar da ta san nauyin shararta za ta san ko ɗan kwangila ya kwashe abin da aka biya shi.

Haɗarin shi ne yadda aka saba gudanar da ayyukan tallafi: ƙwararru su zo, a yi taron bita a otal, a buga rahoto da Turanci, wa'adi ya cika su tafi da kwamfutarsu. Ƙididdigar da ba a maimaita ta ba za ta nuna ko an ci gaba ba. Ga shi kuma rijiyar tallafin ta fara ja da baya. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin ƙetare tare da sanar da ficewar Amurka daga Yarjejeniyar Paris, wata guda bayan haka Birtaniya ta bayyana rage nata agajin zuwa kashi 0.3 na kuɗin shigar ƙasa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma batun wa ke da alhakin me. Tsakanin ƙaramar hukuma, hukumar kare muhalli ta KEPA da Hukumar Ƙididdiga ta Jiha, bayanai na warwatse, kuma hayaƙi bai san iyakar Kaduna ta Arewa da Igabi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, ya rage uzurin rashin kuɗi, muddin aka aiwatar da shi.

Don haka sharuɗɗan karɓar tallafi a bayyane suke: a horar da ma'aikatan dindindin, musamman duba-gari da masu karɓar haraji da ke shiga kasuwa kullum, bayanan su zauna a sakatariya, a sanya kuɗin maimaita ƙidayar cikin kasafin shekara, a kuma karanta wa shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi sakamakon da Hausa. Ɗan kasuwar da ke zargin ana ƙirga janaretansa ne don sabon haraji ba zai faɗi gaskiyar man da yake ƙonawa ba, kuma da amsarsa za a yi lissafin.