Superman, kurege, da abin da ya faɗo Jabo

Jiya bayan Isha'i mun yi musu a majalisarmu nan Tambuwal har mai shayi ya kashe wuta ya bar mu. Kuma duk a kan Superman. Na san wani zai ce ƙasa na cin wuta kai kana zancen fim. Ka yi haƙuri ka karanta, zancen gida zai dawo.

Wani ƙanena ne ya tada maganar. Ya karɓo fim ɗin 2025 wurin masu tura fim a waya, wanda James Gunn ya shirya, David Corenswet ya fito a Superman. Ya kalla ya zo yana huci: "Yaya, wanga ai ba Superman na ba. Tun farkon fim anka gwada shi kwance cikin ƙanƙara an yi mai dukan kawo wuƙa, sai kare ya ja shi gida. Kuma wai ana tsakar faɗa da dodo ya tsaya ceton kurege. Kurege fa!" Majalisa ta ɗauka. Kusan kowa ya ce Superman na gaskiya shi ne na Henry Cavill, na Man of Steel da Zack Snyder ya yi a 2013. Wanda ba ya dariya, ba ya wasa, wanda ya kama Janar Zod ya karya masa wuya. Wai shi ne namiji.

To ni dai ina bayan mai kuregen, kuma ba zan janye ba.

Masu cewa Gunn ya ɓata asali, wane asalin kuka sani? Superman ya fara fitowa ne a 1938 a mujallar zane ta Action Comics, fitowa ta 1. Samari biyu suka ƙirƙiro shi a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dukansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani, talakawa. Dala 130 aka ba su suka sallama shi, kamfani ya kwashi dukiya su suka tsufa cikin babu. Mahaifin Siegel kuwa ya rasu ne a 1932 lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi, zuciyarsa ta buga. Yaron da aka yi wa wannan shi ne ya rubuta mutumin da harsashi ba ya huda shi.

Kuma me wannan mutumin ya yi a labarinsa na farko? Ya fasa gidan gwamna da dare don a tsayar da kisan wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure. Ya tarar da wani yana jibgar matarsa ya maka shi da bango. A fitowa ta gaba ya tasa ƙeyar wani mai ƙera makamai zuwa fagen daga don ya ɗanɗana abin da yake sayarwa. A ta uku ya sa mai ramin haƙar ma'adinai ya makale cikin ramin da ya ƙi gyara wa leburorinsa. A lokacin ko tashi sama bai iya ba, tsalle yake yi. A 1946 shirinsa na rediyo ya tunkari ƙungiyar Ku Klux Klan mai kashe baƙar fata.

Zan ba ku taku: wancan Superman ɗin ba mai laushi ba ne, yana da zafin hannu, yana razana mutane. Amma ku duba a kan wa zafin yake sauka. Kan mai kuɗi, mai muƙami, mai cin zali. Wanda ke ƙasa shi ake karewa. In asali ake nema, ga shi nan.

Yanzu ku koma Man of Steel. Ni karya wuyan Zod bai dame ni ba, don Zod na shirin ƙone wasu iyali ne da wutar idonsa, kuma an nuna Superman ya yi kururuwar baƙin ciki bayan ya yi. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya faru kafin nan. Benaye suna zubewa kamar katangar laka da damina, su biyu suna jifan juna ta cikin gidajen mutane, kuma a tsakiyar tokar garin aka samu sararin tsayawa soyayya da Lois Lane. Su wa ke cikin benayen? Fim bai damu ba. Surutu ya yi yawa har Snyder da kansa ya buɗe fim ɗin da ya biyo baya a 2016 da nuna wannan ɓarnar daga ƙasa, ta idon waɗanda gini ke faɗo wa.

Na tambayi majalisa: in kuna kallo, ina kuke ajiye kanku? Kowa a sama yake ganin kansa, da jan mayafi. Alhali mu a wannan yankin ba mu taɓa zama na sama ba. Mu ne na cikin benen.

Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, soja suka ce kuskure ne, 'yan bindiga suke nema. Ran 25 ga Disamba 2024, a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame nan jiharmu, an kai wa Lakurawa hari ta sama, aƙalla mutanen gari 10 suka rasu. Shekara guda cur bayan haka, daren 25 ga Disamba 2025, Amurka ta kai nata harin a Sakkwato, sai ga abu ya faɗo gona a Jabo, cikin ƙaramar hukumarmu. Gwamnati ta ce can Tangaza aka nufa, wannan tarkacen makami ne kawai. Tangaza tana arewa bakin iyakar Nijar, Jabo tana nan kudu. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ku tambayi mutanen Jabo ko sun runtsa a daren.

Ga abin da ya sa na ce zancen gida ne. A watan Yulin 2025, ana gab da sakin fim ɗin Gunn, shafin Fadar White House ya sa hoton Donald Trump an haɗa shi da jikin Superman. Wata biyar bayan nan tarkacen makaminsa ya sauka gonar Jabo. Ku gaya mani wane Superman ɗin ne wannan a cikin biyun, mai duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ko ɗayan?

Kada wani ya juya mani magana. Ban ce a yi wa 'yan bindiga sassauci ba. Duk wanda ya ga 'yan'uwanmu na ƙauyukan Kebbe sun baro gonakinsu da rumbunansu, mata da goyo da ƙullin kaya a ka, ba zai roƙa wa azzalumi afuwa ba. A yaƙe su, a gama da su. Cewa na yi mai ƙarfin da bai san lissafin na ƙasa ba, ranar da ya zo cetonka ma sai ka nemi wurin ɓuya. Wanda ya iya ganin kurege a tsakiyar faɗa ba zai kasa ganin tsohuwa cikin bukka ba.

Akwai kuma abin da ya fi tayar mani da hankali. Yaran da ke cewa jarumi shi ne wanda ake tsoro, wanda ba ya murmushi, a wayarsu ɗin nan dai suke kallon 'yan daji a TikTok suna baje kuɗi da bindigogi. Na ji da kunnena yaro ɗan sakandare na cewa Bello Turji ko ba komai namiji ne. Mutumin da aka danganta yaransa da ƙone matafiya da ransu cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba 2021! Ban ce fim ɗin Snyder ne ya koya wa yaron haka ba. Amma ma'aunin da ya auna Turji da shi, shi ne majalisa ta auna Superman da shi jiya.

Fim ɗin Gunn ma yana da nasa. An cika shi da jarumai kamar motar kasuwa, wani barkwancin bai zauna ba. Yaƙin Boravia da Jarhanpur da mutanenmu suka yi ta cewa Isra'ila da Gaza ne, Gunn ya ce ba su ya nufa ba, ya rubuta labarin tun kafin yaƙin. Kowa dai da idonsa. Wurin da yaron Jarhanpur ya ɗaga tuta yana kiran Superman ya taɓa ni, sannan ya ba ni haushi, don ko a fim ɗin kirki ma talaka aikinsa ɗaga kai sama yana jiran wani daga Amurka. Wanda na fi riƙewa shi ne Malik, mai sayar da abinci a bakin titi, wanda ya taimaki Superman lokacin da aka kayar da shi, daga baya Lex Luthor ya harbe shi a gabansa. A duk fim ɗin shi ne ya fi kama da mutanen da na sani.

Kafin mu watse na ba ƙanen nawa aiki. Na ce ya sake kallon ƙarshen Man of Steel, ya bar kallon mayafi, ya ƙirga mani benayen da suka faɗi, ya kintata mutum nawa ke cikin kowanne a ranar aiki. Ya ce "Yaya, ai fim na." Na ce na sani, ka dai ƙirgo. Yau da dare zai kawo lissafin, shayin kuma ni zan biya.