Allurar ceton rai ce, ba ta ƙiba ba



Allurar hydrocortisone da dexamethasone ta ceton rai ce. Mai asma da numfashi ya sarƙe mata tana buƙatarta, haka mai cikin da naƙuda ta zo wa kafin lokaci, don huhun jaririnta ya yi ƙwari. Amma wasunmu na saye don ƙiba! Haba mata, ina tsoron Allah?

Ke da likita ya ɗora kan irin wannan magani, kar ki yanke kwatsam, akwai haɗari. Koma asibiti a sauya miki. Kar ki saya a kasuwa, ki duba lambar NAFDAC.

Masu zuwa neman ƙuri'armu kuwa, mu tambaye su: ina maganin asibitocinmu?

Ki tura wa matan mazaɓarki. Allah ya ƙara mana lafiya.